Bututun da ba ya ɗaukar ruwa

Ɗana, jiya a wurin aikinmu na Samaru ka tambaye ni dalilin da ya sa muke binne bututu a ƙarƙashin daɓe, mu kai bakinsa saman kwano, alhali ba ruwan da zai bi ta ciki. Lokacin hankalina yana kan kwaɓi, shi ya sa na ce ka bari sai na zauna.

Iska muke yi wa hanya. Sunanta radon. Daga yuraniyom, wani sinadari da ke cikin dutse da ƙasa, take fitowa, musamman irin dutsen da kake gani a Kufena, kuma Zariya a kan irinsa take zaune. Ba ta da launi, ba ta da wari. A fili ba ta damun kowa, domin nan take take bajewa. A rufaffen ɗaki take taruwa, tana shigowa ta tsagar daɓe da gefen bututun banɗaki, balle da hunturu, lokacin da kowa ya toshe taga saboda sanyi da ƙura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari, tana cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar huhu. Shekaru take ɗauka kafin ta yi ɓarna, lokacin ba mai tuna wanda ya gina gidan. Wannan ne ke damuna.

To ga yadda aikin yake. Bayan ciko, a shimfiɗa tsakuwa mai kaurin inci 4, wadda ba ƙasa a cikinta, don iskar ta samu wurin yawo. A cikin tsakuwar ake kwantar da bututu mai huji-huji, a haɗa shi da mai inci 4 da zai miƙe har ya wuce kwano, nesa da taga. Sai leda mai kauri a sama. A nan nake so ka buɗe ido. Na sha ganin lebura ya turo baro a kanta, ko bakin rodi ya keta ta, sai a ce ai kankare zai rufe. Kankare yana tsagewa, ɗana. Inda leda ta haɗu da leda, ɗora ɗaya kan ɗaya, ka liƙe. Inda bututu ya ratsa ta, zauna ka manne kewayen da hannunka, ko da mai kwaɓi yana ta kiran ka.

Tsohon gida kuwa awo ake fara yi, ba zato ba. Akwai ɗan ma'aunin da ake ajiyewa a ɗakin kwana kamar wata 3. Da bekarel ake auna yawan radon, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta so kada awon ya wuce bekarel 100 a kowace mita kubik ta iska, in ya yi tsanani 300. Masana irin wannan lamari muna da su nan kusa, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. In awon ya yi sama, a cike tsagogi, a buɗe tagogi masu fuskantar juna, in bai sauka ba a huda daɓe a sa bututu da fanka mai zuƙa. Kuɗinsa ya ninka na wanda aka yi tun farko, ga fasa tayil ɗin mutane.

Gobe ka riga leburori zuwa. Ka bi ledar ɗakin gabas taku-taku, duk hujin da ka gani ka liƙe kafin a fara zuba.