Hidimar Kirsimeti ta cinye miki lokacin addu'a?

'Yar'uwa, kin ce tun shigowar Disamba kina tsakanin kasuwa, shagon tela da koyon waƙa a Zumuntar Mata, har zuciyarki ta bushe, kina tambayar yadda za ki samu godiya cikin wannan kai-komo. Kada ki jira hidima ta lafa, don ba za ta lafa ba sai an shiga sabuwar shekara. Ki ware minti 10 da asuba, kafin ki taɓa waya ko ki ɗora tukunya, ki karanta Luka sura 2 ko da aya biyar ce, sannan ki faɗa wa Ubangiji abu uku da ya yi miki jiya, ɗaya bayan ɗaya. "Na gode da komai" ba ya zama a zuciya.

Amma fa sai kin sauke wani kayan. Bara sawu huɗu na yi tsakanin Kantin Kwari da Sabon Gari kan atamfar yara, tela kuma ya yi ta ja mini rai. Ranar 25 ga wata ina zaune a coci lokacin sujada, ƙafa duk kaushin hunturu, ina lissafin kajin da ban soya ba, ko kalma ɗaya ta wa'azi ban ji ba. Na zama Marta ta Luka sura 10 sak, wadda hidima ta hana ta zama ta saurari Yesu. Bana na ce ɗinki ɗaya ya ishi kowa, cincin kuma maƙwabciyata Hajiya za ta taya ni, dama ita ke fara samun kwanon shinkafarmu.