Shafin Shawarwari: An Ce 'Yata Haziƙa Ce, Shin In Sauya Mata Makaranta?

Assalamu alaikum, Anti. Ina yi miki fatan alheri, tare da addu'ar Allah Ya saka miki da mafificin sakamako bisa ɗawainiyar da kike yi da matsalolinmu.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a unguwar Kurna cikin birnin Kano. Damuwata ta shafi 'yata ta biyu mai shekara bakwai, wadda take aji uku a wata firamare mai zaman kanta da ke bayan layinmu, inda yayanta ma yake aji biyar. Tun tana shekara huɗu ta iya karatu ba tare da wani ya zaunar da ita ba, kuma sau da yawa idan yayan yana fama da jingar lissafi, ita ce take faɗo amsa daga bayansa. A Islamiyya ta haddace izu biyar. Malamarta ta shaida mini cewa takan gama aikin aji cikin minti goma, sannan ta koma zane a bayan littafi ko ta ja ƙawayenta da surutu, har an sha yi mata bulala a kan haka. Tun zangon da ya wuce ta fara kukan ciwon ciki da safe, amma ranakun Asabar da Lahadi lafiyarta ƙalau, kuma likitan da muka kai ta wurinsa bai ga komai ba.

Kwanan baya maigidana ya ji labarin wata makaranta a wajen Nassarawa mai aji na musamman domin haziƙan yara. An yi mata gwaji ta ci, har suka ce za su yafe mana rabin kuɗin makaranta. Tsarinsu shi ne a haɗe karatun aji huɗu da biyar da shida cikin shekara biyu, ta yadda za ta gama firamare tana da shekara tara. Maigida ya yi murna ƙwarai, har ya sanar da danginsa. Ni kuwa zuciyata ta kasu biyu. Za ta riƙa fita ƙarfe shida da rabi a adaidaita sahu, a tashe su ƙarfe huɗu, wanda ke nufin Islamiyya ta tafi ke nan. Rabin kuɗin ma ya fi abin da muke biya wa su biyun, ban da kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Yayan nata ya fara cewa shi ne daƙiƙin gidan, surukata kuma tana tsoron bakin mutane. Sun ba mu mako biyu mu yanke shawara. Ina tsoron in hana ta in tauye baiwar da Allah Ya yi mata, ina kuma tsoron in ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Ki taimake ni da shawara.

Uwar yara uku, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya raya mana su, Ya albarkaci wannan baiwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne ciwon cikin da yake zuwa ranar makaranta ya ɓace ranar hutu. Ki ci gaba da sa ido, ki koma asibiti idan ya zo da zazzaɓi ko amai ko rama, amma yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya cewa ya gaji da zaman banza ko yana tsoron bulala, sai jikinsa ya faɗa a madadinsa. Yarinyar da take gama aiki cikin minti goma, ta zauna sauran darasin babu abin yi, sannan a doke ta don ta yi magana, tana cikin ƙunci na gaske. Saboda haka barin ta yadda take ba ya cikin zaɓin da ke gabanki, kuma a nan maigidanki yana da gaskiya.

Duk da haka, ra'ayina shi ne kada ku karɓi wannan tayi a yadda aka kawo shi, domin babban abin da makarantar ta yi muku alkawari shi ne sauri. A tsarin ƙasar nan yaro yana shiga aji ɗaya yana da shekara shida, don haka 'yar tamu ta riga ta wuce sa'anninta da shekara guda. Idan ta gama firamare tana da tara, za ta gama sakandare tana da sha biyar, alhali mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a sha shida ne. Kin tuna taƙaddamar da aka yi a 2024, lokacin da aka so mayar da shi sha takwas kafin a tsaya a kan sha shida, kuma 'yan ƙalilan ne hukumar JAMB take ɗaga wa ƙafa bayan tantancewa mai tsauri. Shekarar da aka ƙwato mata yanzu tana iya ƙarewa a zaman jira a gida. Abin da ya fi wannan damuna shi ne ranar da za ta tsinci kanta tana da shekara sha biyu a babbar sakandare, a tsakiyar 'yan mata masu sha biyar da suka balaga, hirarsu daban, tunaninsu daban. Tsallake aji ɗaya yakan yi wa wasu yara amfani sosai, ban musa ba, amma ita wannan zai zama na biyu ke nan, ga doguwar hanya safe da yamma, ga rabuwa da haddar da take jin daɗinta.

Akwai kuma abin da masana suka daɗe da lura da shi. Tun a 1984 Herbert Marsh ya bayyana yadda yaro mai ƙoƙari yake ganin kansa kamar babban kifi a ƙaramin kududdufi, amma idan aka kai shi cikin waɗanda duk haziƙai ne, sai amincewarsa da kansa ta ragu ko da iliminsa bai ragu ba. Wannan ba dalilin ɓoye yaro daga gasa ba ne, domin haɗuwa da tsararsa a ƙwaƙwalwa yana da daɗi da amfani, sai dai yana buƙatar malaman da suka san yadda ake riƙe zuciyar yaro ranar da ya fara zuwa na goma bayan ya saba da na ɗaya. Shin wannan makaranta tana da irinsu? Gani ya kori ji. Ki nemi izinin zama a ajin na tsawon darasi guda, ki duba ko yaran suna yin tambaya ana sauraronsu, ko akwai littattafan karantawa da kayan gwaji, ko kuwa tsofaffin takardun jarrabawa kawai ake sa su haddacewa. Ki tambayi yawan yaran ajin, da abin da ake yi wa wanda ya gaza bin saurin, da ko rangwamen kuɗin zai ɗore bayan shekarar farko. Ki kuma roƙi a ɗaga wa'adin zuwa sabuwar shekarar karatu a watan Satumba. Makarantar da take son yarinyar da gaske ba za ta rasa haƙurin 'yan watanni ba.

Kafin nan, ku je ke da maigida wurin shugaban makarantarta ta yanzu. Ku nemi a daina dukanta a kan surutu, a riƙa ba ta aiki mai zurfi idan ta gama na aji, kuma a bar ta ta riƙa ɗaukar darasin lissafi tare da 'yan aji huɗu, sauran darussan kuwa ta zauna da ƙawayenta. Kada a yarda a kai ta ajin yayanta ko da sau ɗaya. Kuɗin da za a ba mai adaidaita ya isa ya sayi littattafan labarai na Hausa da Turanci, ya biya malamin da zai zauna da ita sau biyu a mako, ranar Asabar kuma a kai su duka Laburaren Murtala Muhammad. Ku gwada haka zango ɗaya. Idan ciwon cikin bai tafi ba, to ku ɗauke ta, amma ku nemi makaranta mai inganci kusa da gida wadda ba za ta matse mata shekaru ba. Ƙofa ba ta rufe ba, domin zaɓen haziƙai da gwamnati take yi a matakin sakandare yake: akwai makarantar gwamnatin tarayya ta Suleja wadda NECO take shirya jarrabawar shigarta, akwai ta Bamaina a Jigawa, ga kuma kwalejojin kimiyya na Kano da aka faro tun 1977.

Maganar yayanta ta taɓa ni, kuma ina roƙonki kada ki ɗauke ta maganar yara. Wani bincike da Carol Dweck da Claudia Mueller suka buga a 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa kaifin ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya da guje wa aiki mai wuya fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Ke nan yawan kiran ta haziƙa a gabanta yana cutar da su biyun. Ki hana ta faɗo amsa idan yana jinga, ki ware masa lokacinsa shi kaɗai, ki yabi abin da ya iya a gaban mahaifinsa. A wannan gaɓa surukarki ta fi kowa hangen nesa, domin rage yayata lamarin da yawaita addu'a kariya ce ga yarinyar.

Shi kuwa maigida, tunda ya riga ya sanar da dangi, ki same shi a keɓe cikin ladabi, ki nuna masa lissafin shekarun da na kuɗin a rubuce, ki ce a ɗage zuwa Satumba, kada ki ce a fasa. Sannan wani dare bayan isha, ki zaunar da 'yar tamu ki tambaye ta abin da take so da abin da ta tsana a makarantarta, ba tare da kin ambaci sabuwar ba. Ki rubuto mini abin da ta ce idan zangon ya ƙare.

Antinku