Mazan Jiya Ba Duka Ne Suka Kwanta Dama Ba

Janairu ta kama, wasiƙun wannan mako kuwa kusan duk ƙaurin albarushi suke yi. Bismillah.

Daga Zuru: "Allah ya gafarta Malam, mahaifina tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin basasa. Na yi masa barka da zagayowar ranar 'yan mazan jiya, sai ya ɓata rai, wai shi bai mutu ba tukuna. Ni da shi wa ya yi kuskure?"

Ɗana, kai ne da gaskiya, amma kada ka je ka faɗa wa Baba haka gatsau. Ka ce Malam na gaishe shi, ya ce laifin na 'yan rediyo ne. "Jiya" a cikin "mazan jiya" zamani take nufi, ba kushewa ba. Wanda ya yi tashe, aka ga aikinsa a fagen fama, yau girma ya zo ya jingine makami, shi ke nan ya shiga sahu. Tsohon ɗan damben da ke zaune gefen fage yana gyara wa yara tsayuwa, cikin mazan jiya yake, ga shi kuwa yana cin tuwonsa. Abin da ya faru shi ne, duk 15 ga Janairu sai a nuno gwamna a Birnin Kebbi ko Gusau yana ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tattabaru, mai karanta labarai ya ambaci waɗanda suka rasu kaɗai. Yau da gobe har kunne ya haɗa kalmar da likkafani. Alhali ranar ta rayayyu ce da matattu. A ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Kafin nan 11 ga Nuwamba ake yi, kamar Ingila, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918.

Tunda an sosa mini inda ke ƙaiƙayi, bari in ƙarasa. Bara na ji wani yana karanta jawabi, wai "gwarazanmu da suka faɗi, waɗanda suka biya farashi mafi tsada". Farashin me? Buhun gero suka saya? Wannan Turanci ne aka sa wa babbar riga. Bahaushe in ya ji mutum ya faɗi, zaɓe zai fara kawowa a ransa, ko jarrabawa, ko santsi. Na san ana cewa "giwa ta faɗi" in babba ya rasu, amma giwar ce ta ɗauki nauyin maganar, in ka cire ta sai ta zube. Muna da "sun kwanta dama", muna da "sun riga mu gidan gaskiya", muna da "sun ba da ransu". Me ya yi zafi?

Ita kuwa 'yan ɗin nan ta gaba, ni da za a bi tawa da an sauke ta, don "mazan jiya" ta cika ba sai da ƙari ba. Amma baki ya riga ya saba, na daina wannan faɗan.

Daga Gusau: "Malam, ina koyar da tarihi a sakandare. Abin da Japan ta yi wa Amurka a Pearl Harbor, hari zan ce, ko farmaki, ko samame?"

Malama, ki ce hari. A tsohuwar ma'anarsa, hari shi ne mahaya su yi sammako su faɗa wa gari, su yi ɓarnar da za su yi, su juya ba tare da sun zauna ba. Mu a Zamfara ba sai an buɗa mana ƙamus kan "mahara" ba, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. To haka aka yi ranar Lahadi, 7 ga Disamba 1941: jiragen sama suka taso daga kan jiragen ruwa da sassafe, suka yi luguden bamabamai a sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawai, aka kashe mutum sama da 2,400, suka koma inda suka fito. Farmaki ɗan'uwan "far ma" ne, ya far masa, wato aukawar kanta, kuma yakan zo ko ana tsakiyar yaƙi. Samame kuwa yanzu ya zama na 'yan sanda da jami'an kwastan, a ritsa mutum bai shirya ba a kama shi. Kada dai ki ce kwanton ɓauna. Mai kwanto jira yake yi a zo a same shi, waɗannan kuwa su suka yi tattaki.

Ki kuma gaya wa ɗalibanki cewa labarin bai yi nisa da gida ba. Ba a jima da harin nan ba Japan ta kutsa Boma, wadda a lokacin take hannun Ingila, abin da ya sa aka kwashi kakanninsu a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka kai su can. Daga nan muka sami "'yan Boma". Sunayen wuraren da suka yi gumurzu na nan a jikin barikokinmu: Arakan a Legas, Dalet a Kaduna. Har Barikin Dodan, inda 'yan Biyafara suka miƙa wuya a 1970, sunan wani wuri ne a Boma. Na taɓa jin wani mai digiri yana rantsuwa wai daga "dodo" aka samo shi, don shugabannin soja sun zauna ciki. Na ce masa Allah ya ƙara ilimi.

Daga Yawuri: "Kurtu Hausa ce?"

Ta zama Hausa, tunda har ta yi jam'i, kurata. Asalinta kalmar Turanci ce ta sabon ɗauka, tafiyarsu ɗaya da kofur, saja, samanja da hafsa.

Daga Talatar Mafara: "Mi an nufi da 'yaƙi ɗan zamba ne'?"

Dabara da ɓad-da-sawu sun fi ƙarfin damtse a fagen daga, kuma akwai hadisi ingantacce mai wannan ma'ana. Ba lasisin cutar abokin ciniki ba ne, kamar yadda wasu 'yan kasuwa ke jawo shi.

Daga Argungu: "Malam, gaskiya ne sunan Dakarkari daga 'dakaru' ya fito?"

Haka ake faɗa, wai su ne dakarun Kanta, Sarkin Kabi, tun yana birninsa na Surame, kuma yawan sojojin da ƙasar Zuru ta fitar ya ƙara wa zancen armashi. Amma ka sani suna ne da Hausawa suka ba su. Su Lelna suke kiran kansu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka yi wa "dakare" kansa. Dakare mayaƙin ƙasa ne, mai tafiya da ƙafa, da baka da kwari ko takobi da garkuwa. Na kan doki barde ne, in an lulluɓe shi da dokinsa da rigar auduga mai kauri ya zama ɗan lifidi. Yau sai ka ji "dakarun sama sun yi ruwan wuta". Dakare a sama! Ko doki bai samu ba, an ba shi jirgi. Ku ce sojan sama, ko mayaƙan sama.

Daga Ƙauran Namoda: "Sojan gona fa, yana cikin mazan jiya?"

A'a. Kaki ya ara.