Me ya sa mitar kyamara ke ruɗewa a f/1.4?

Ɗana, ka ce ka ɗaura tsohon lensi 50mm f/1.4 da adafta a kan DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, a f/5.6 hoto lafiya lau (lambar f na nuna buɗewar lensi, ƙaramar lamba babbar buɗewa ce), da ka buɗe shi duka sai haske ya wanke fuskar mutum. Kyamarar ƙalau take. Abin da mita mai auna haske ke gani ne ya saɓa da abin da sensa mai ɗaukar hoton ke karɓa.

A DSLR haske kan bugi madubi ya hau kan gilashin nan mai hazo da kake saita hoto a kansa, daga nan mita take karatu. Gilasan zamani an ƙera su ne don ƙananan lensuna, irin zum mai f/3.5-5.6, don kada mahangi, inda kake sa ido, ya yi duhu. Hasken da ke shigowa a karkace ta gefen babban lensi kaɗan ne ke kaiwa ga mita. Da ka wuce wajen f/2.8, kana buɗewa sensa na ƙara samun haske, mita kuwa da ƙyar take motsi, sai ta bar shata, labulen da ke buɗe wa sensa haske, a buɗe fiye da kima. Lensin da ke magana da kyamara ta lantarki yana faɗa mata iyakar buɗewarsa, ta gyara lissafi. Adafta marar lantarki bebe ne.

Gwada da kanka. Kafa kyamara a kan ƙafa uku, fuskanci kati mai ruwan toka ko bango mai launi ɗaya, tsayar da ISO, ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ka rufe mahangi don kada haske ya kutso ta baya. In mita ta ba ka saurin shata 1/250 na daƙiƙa a f/2.8, to f/2 ya kamata ya zo kusa da 1/500, f/1.4 kusa da 1/1000. In a f/1.4 ta maƙale a 1/500 ko 1/640, ka ga giɓin. Ɗauki hoto a kowace buɗewa, duba histogiram, jadawalin da ke nuna haske da duhun hoto, ka rubuta gyaran da kowacce ke so a takarda, ka manna a murfin lensin. Kada ka sa gyara guda ga duka, kuskuren na canjawa da buɗewa.

A Nikon, in kyamararka na da sashen lensunan da ba su da CPU, wato marasa lantarki, shigar da tsawon lensi da iyakar buɗewarsa a wurin. A Canon, in ka canja gilashin saita hoto zuwa irin Eg-S, faɗa wa kyamara a menu, in ba haka ba da lissafin tsohon gilashin za ta ci gaba.

Kyamara marar madubi daga sensa take aunawa, wannan matsalar ba ta dame ta ba. Amma a f/1.2 ita ma sensar tana zubar da wani kaso na hasken karkace, kusurwoyi kuma kan yi duhu har wajen mataki 2 (kowane mataki na rage haske da rabi). Awon da ke haɗa dukkan fili zai iya ɗaukar duhun nan da gaske ya ƙara haske. Ni dai awon tsakiya ko na ɗigo na fi yarda da shi a nan.

Da rana tsaka kuma kada ka zargi mita. A ISO 100, f/1.4 na neman wajen 1/12800, shatarka kuwa ta ƙare a 1/4000 ko 1/8000. In ka ga lambar na ƙyaftawa, ɗaura filta ND8 mai rage mataki 3, ka dawo wajen 1/1600.