Tukwanen nonstik: wanne ya kamata a zuba wa jari?

Tambaya: Malam, kayan kicin nake sayarwa. Masu saye na dawo mini da kaskon nonstik (wanda aka yi wa shafe don kada abinci ya kama) bayan 'yan watanni, wai fentin cikinsa ya ɓare ko ya fara kamu. Dilan da nake sari a wurinsa ya ce in ƙara kuɗi in koma "giranit" ko siramik. Wanne ya fi ƙarko?

Amsa: Hajiya, kada ki ƙara ko sisi saboda suna kawai. Yawancin abin da ake kira giranit ko mabul babu dutse a jikinsa. Shafen nonstik ɗin nan ne dai na yau da kullum, wato PTFE, wani nau'in roba da aka fi sani da Teflon, aka yi masa ɗigo-ɗigo don ya yi kama da dutse. Tun 1938 Roy Plunkett ya gano sinadarin a kamfanin DuPont na Amurka, kamfanin Tefal na Faransa kuma ya fara shafa shi a kasko a 1956. Har yau babu shafen da ya kai shi santsi. Rauninsa biyu ne: yana da taushi, cokalin ƙarfe da soson ƙarfe na kankare shi, kuma idan zafi ya haura digiri 260 na Salshiyas sai ya fara lalacewa. Kaskon da aka bari a kan wuta babu komai a ciki yana iya kai wannan zafin cikin 'yan mintoci.

Siramik kuwa wani siririn shafe ne da ake haɗawa daga silika, sinadarin yashi. Kamfanin GreenPan ne ya yayata shi daga 2007. Ya fi jure wuta, ya fi kyan gani a kanta, amma santsinsa ya fi saurin gushewa. Za ki ga kasko fes, babu ƙwarzane ko ɗaya, amma ƙwai na kamawa. Idan ƙorafin kamu ne ya dame ki, siramik zai ƙara miki shi. Ki ajiye kaɗan don masu nemansa da bakinsu.

Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne jikin kaskon kansa, domin a nan masu ƙera na araha suke rage kuɗi. Alminiyam marar kauri na lanƙwashewa, wuta ta taru a wuri ɗaya, shafen ya ƙone a tsakiya ya fara tashi. Ki ɗaga ki ji nauyinsa, ki dubi kaurin gindinsa, ki ɗora shi a kan tebur ki ga ko yana rawa. Ki tambayi dila shafe nawa aka yi. Mai shafe uku ya fi mai ɗaya daɗewa nesa ba kusa ba, kuma bambancin kuɗin da ya cancanci ki biya ke nan. Dilan da ya kasa amsa wannan, ki ɗauki samfuri kaɗan, ki gwada a kicin ɗinki kafin ki yi babban sari.

Duk da haka, babu nonstik na har abada. Mai kyau ma 'yan shekaru yake yi. Ki faɗa wa mai saye haka tun a wurin ciniki, ki haɗa masa da cokalin katako ko na silikon (ribarki ce ta ƙaru), ki gaya masa kada ya tsoma kasko mai zafi cikin ruwan sanyi. Wanda ya ce yana son abin da jikokinsa za su gada, ki nuna masa kaskon baƙin ƙarfe na zubi, wanda man girki ke zaunawa a jikinsa ya yi masa santsi.

Sai ki duba shagonki ma. Idan kina jibge kasake ɗaya cikin ɗaya, ƙwarzanen na farawa tun kafin a saya. Ki riƙa sa kwali a tsakaninsu, kuma ki yi yarjejeniya da dila a rubuce cewa duk wanda ya iso da fenti a ɓare zai canja miki.