Wane irin filafili ya dace da ƙaramin kwale-kwalen katako?

Malam, ka ce kana so ka ɗaura wa kwale-kwalenka filafili, wato ƙyallen kama iska, don yawo a dam ɗin Goronyo, kana neman wanda ya fi dacewa.

Mafi sauƙi shi ne mai kusurwa huɗu da ake ratayawa a gicciye, irin wanda masu jirage a kogin Neja can Mali ke ɗinkawa da buhuna. Amma sai iska na bayanka yake aiki. Mai kusurwa uku na jiragen kogin Nilu yana iya ratsa iska, sai dai sandarsa doguwa ce, juya ta kuma wahala ce ga mutum ɗaya.

Ni dai zan ce ka ɗauki mai kusurwa huɗu wanda gora ke tokarewa daga gindin jigo, wato sandar da ke tsaye tana riƙe da filafilin, zuwa kusurwar sama. Jigonsa gajere ne, nauyi na ƙasa, kana iya naɗe shi nan take.

Kwale-kwalenmu ba su da ƙashi a ƙasa, wato katakon da ke nutse a ruwa yana hana jirgi zamewa gefe, don haka ka rataya faffaɗan katako a gefe ya nutse cikin ruwa, in ba haka ba iskar hunturu daga arewa maso gabas za ta yi ta tura ka a kaikaice. Igiyar filafilin kuwa kada ka ƙulle ta, riƙe ta a hannu. Da hadari ya haɗo, sauke shi.