Kafiretar Fijo 504: kafin ka tafi kasuwa

Toh yarona, na ga saƙonka tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Ka ce an kawo maka Fijo 504 salun, tana shan mai ba kaɗan ba, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, silo, wato aikin inji ba a taka totur ba, ya ƙi zama, mai motar ya ce a cire kafiretar, wato mai haɗa fetur da iska ta ba inji, a sa wata, kai kuma kana tunanin ka sayo masa babba don motar ta ƙara ƙarfi.

Tsaya tukuna. Wa ya tabbatar maka kafiretar ce ta mutu? Ka kwance fuloga ka gani? Ka duba kwantak da taimin? Iya kilina fa, wato matatar iska, ka san ƙurar hunturun nan idan ta toshe shi iska ba ta shiga, mai ya yi yawa, dole ka ga baƙin hayaƙi. Sau tari ma fulot ne, abin da ke iyo a kan man cikin kafireta yana tsayar da shigowarsa, ya huje ya sha mai ya nutse, ko allurarsa ta cinye ba ta rufewa, sai mai ya riƙa ambaliya. Wannan kam wanki ne da sabon gaskit da allura, shikenan, ba sai an sa bawan Allah ya kashe kuɗin da ba shi da su ba.

Inda nake yanke wa kafireta hukunci shi ne sandar totur, wato wannan ƙarfen da ke juya faifan da ke buɗewa da rufewa a ƙasa. Ka kama ta da yatsa ka girgiza sama da ƙasa. In ka ji tana wasa a cikin raminta, toh iska na sata ta nan, kuma ko kwana za ka yi kana juya sukurun silo ba zai zauna ba. Sannan ka cire kafiretar ka ɗora gindinta a kan gilashi, in ka ga tana rawa ko haske na wucewa to an taɓa ɗaure ta da ƙarfin tsiya har ta lanƙwashe. Irin wannan ce ake canzawa.

Yanzu maganar babba. Cire wannan daga ranka. Kafireta ba famfo ba ce, injin ne ke zuƙo iska, iskar idan ta zo wucewa ta maƙogwaro mai ƙunci sai ta ƙara gudu ta jawo fetur daga jet, wato ɗan ramin da mai ke fitowa, ta watsa shi kamar feshi. Ka faɗaɗa maƙogwaron fiye da abin da injin zai iya zuƙa, iskar ta yi sanyin gudu, man ba ya watsuwa da kyau, ka taka totur motar ta yi kamar za ta mutu kafin ta ɗauka. Ni da kaina na taɓa yin wannan kuskuren ina saurayi, na ɗora mai maƙogwaro biyu a kan wata a-kori-kura mai ƙaramin inji, mutumin yana ɗaukar buhunan hatsi da ita, kwana uku ya dawo min ransa a ɓace, wallahi har yau ina jin nauyin abin don kuɗin cefanen gidansa ne ya tafi a mai.

Don haka ka fara sanin injin da ke gabanka. 504 ba inji ɗaya gare ta ba, tun fitowarta a Faransa a 1968 har zuwa waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna. Akwai XN1 mai 1971cc, akwai XM7 mai 1796cc, wasu a-kori-kura kuma XC7 ne mai 1618cc irin na 404. Kuma motar da ta kai wannan shekaru ƙila an canza mata inji ba sau ɗaya ba, kar ka yarda da abin da ke rubuce a but. Ƙananan injinan yawanci kafireta Solex 34 mai maƙogwaro ɗaya suke ɗauka, babban kuma Solex 32/35 mai biyu, wasu da Zenith suka zo. Lambobin nan faɗin bakin ne a milimita, ba ado ba ne.

In za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka tafi da tsohuwar a hannunka, har da gaskit ɗinta. Ka gwada ramukan noti, ka duba gefen da wayar totur take kamawa, cok ɗin na waya ne ko mai aiki da kansa, akwai bakin ɗan tiyon da ke zuwa distributa ko babu, iya kilina zai zauna a kanta? Ni dai a ganina gara Solex ta asali 'yar Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, da sandarta ba ta wasa a kan sabuwa mai ƙyalli da ba a san maƙerinta ba, na sha buɗe irin su in tarar jet ɗin bai yi daidai da lambar da aka buga masa ba. Weber 32/36 kuwa tana da kyau in ta gaske ce, amma sai da faranti na haɗi da sake saita jet, ba aikin da zan bar ka kai kaɗai ba ne yanzu.

Ka tambayi mai motar inda take zama. In Jos ce, can tudu ne sama da mita 1,200, iska ba ta da kauri, saitin da ya yi daidai a Kano zai yi mata yawan mai. Kuma dan Allah ka wanke tanki ka sa sabuwar filta kafin ka ɗaura, tsatsar tsohon tanki cikin sati guda take toshe jet.

Ka turo min hoton lambar inji da ta jikin kafiretar yau, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan leƙo garejin mu girgiza sandar tare.